Sanarwar Bayan Taron Kanikawan Ƙasan Mota Kan Ɗora Ƙafa da Birkin Golf 3 a Jikin Golf 2



Ƙungiyarmu ta kanikawan ƙasan mota ta yi zama na musamman a Kano, tare da 'yan'uwanmu masu sayar da kayan gyara na gwanjo, da masu walda, da wakilan direbobin haya. Magana ɗaya ce ta tara mu: aikin nan da ya zama ruwan dare a garejojinmu, na ɗauko ƙafa, sifirin, shokazoba da birkin Golf 3 a ɗora wa Golf 2. An fara da addu'a, aka saurari iyayen sana'a, sannan aka ba matasan kanikawa da direbobi dama kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ga abin da taron ya lura da shi, da matsayar da ya cimma.

Kamfanin Volkswagen ya ƙera Golf 2 a Jamus daga 1983 zuwa 1992. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 30, amma har gobe ita ce ke kwasar fasinja da buhuna tsakanin birane da kasuwannin ƙauye. Kayanta na asali sun yi wuya. Na Golf 3 kuwa, wadda ta fito a 1991, suna nan jibge a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Motocin biyu kuma 'yan gida ɗaya ne: ƙananan Golf 3 noti huɗu ne a taya, tazara ɗaya da ta Golf 2, kuma a dukkansu bolti biyu ne ke riƙe shokazoban gaba da ƙafa. Saboda haka taron bai ga laifin wannan aiki ba. Hasali ma ya yaba masa idan an yi shi cikakke, domin ƙaramar Golf 2 da ta zo da faifan birki mai faɗin milimita 239, idan ta samu mai 256, direba zai ji bambanci a gangara, faifan kuma ba zai yi saurin ɗaukar zafi ba.

Abin da ya tayar wa taron da hankali shi ne aikin rabi da rabi. An shigo da wata Golf 2 ta haya cikin fili, aka ɗaga ta a jak, aka kwance tayoyinta a gaban kowa. Ƙafar hagu ta Golf 3 ce da babban faifai, ta dama kuwa tata ce ta asali da ƙarami. Mai motar ya ce duk lokacin da ya taka birki da ƙarfi sai sitiyari ya fizge shi hagu, ya saba har ya daina ganin abin a matsayin matsala. Da aka zare boljoyin, sai ga yankin gwangwanin madara an naɗe a wuyansa don ya cike rami. Dalili kuwa, Golf 2 na farko-farko wuyan boljoyin ɗinsu milimita 17 ne, na baya da na ƙananan Golf 3 kuma 19. Wanda ya yi aikin ya ga ramin ya yi wa wuyan yawa, sai ya nemi mafita a shara. Wannan wuyan shi ne ke riƙe ƙafa da hannunta na ƙasa. Ranar da ya zame a kan gudu, taya za ta kwanta, motar kuma cike take da mutane. Babu wanda ya yi dariya a wurin.

Taron ya tunatar da 'ya'yan ƙungiya cewa Golf 3 ta ɗan fi Golf 2 faɗi tsakanin taya da taya. Duk wanda ya ɗauko hannayenta na ƙasa ya faɗaɗa gaban mota, to dole shaf da tayarod su biyo, domin gajeren shaf a ƙafar da aka tura waje zai riƙa miƙewa fiye da ƙima har ƙoƙonsa na ciki ya saki. Bayan kowane irin aiki a ƙafa kuma sai an kai alaimen, tunda a wajen waɗannan bolti biyu na shokazoba ake saita karkatar taya, kuma ido ba ya iya wannan awo.

A ɓangaren birkin gaba, dattawan sana'a sun yi dogon bayani a kan masta. Kalifar ƙaramin faifai fistin ɗinta milimita 48 ne, wadda aka saba haɗawa da babban faifai kuma 54. Babban fistin ya fi cin mai kafin ya matse. Idan aka bar tsohuwar masta mai milimita 20.64, ƙafar direba za ta nutse sosai kafin birki ya kama, ya yi ta zaton iska ce, ya yi ta komawa a fitar masa da iskar da babu ita. Abin da ya dace shi ne masta mai 22.2. Haka nan faifai mai 256 ba ya zama cikin wili mai inci 13, sai 14, mai 280 kuma sai 15. Taron ya yi tir da ɗabi'ar kai kalifa wajen mai giranda a wase bayanta don ta shiga ƙaramin wili. Ƙarfen da ake cirewa shi ne ke jure matsin mai a lokacin da ake neman tsira.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne bayan mota, kuma mu shugabanni muna ganin nan ne babban haɗarin da ba a kula da shi. A da yawa daga cikin waɗannan motoci akwai wani ƙaramin bawul a ƙasa, kusa da ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, da ɗan sifirin da ke jan hannunsa. Aikinsa auna nauyi. Idan aka yi lodi bayan mota ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya matsi. Idan babu kaya bayan ya ɗaga, sai ya rage, don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa. Tsayin bayan mota kawai yake karantawa. To direban haya ya zo ya ce a sa masa sifirin ɗin Golf 3 mai dogon baya, wani lokaci har da ƙarin roba, don bayan ya tashi ya ɗauki buhun masara ba tare da taya ta goga ba. Yanzu mota ɗauke da kaya tana tsaye kamar wadda ba ta ɗauki komai ba, bawul ya hana baya birki, gaba ya ɗauki aikin shi kaɗai har ya yi zafi ya saki. Wasu kanikawan da suka gane haka sai su ɗaure hannun bawul ɗin da waya a buɗe, ko su cire shi su haɗa bututu kai tsaye. Wannan ya fi muni. Ranar da motar ta dawo babu kaya, aka yi yayyafi a kan kwalta, taka birki ɗaya ya isa baya ya kulle, mota ta juya ta kalli inda ta fito.

An sami saɓani kan mayar da birkin baya daga ganga zuwa faifai. Matasa suna son faifai mai 226 irin na GTI, wasu har suna ɗora masa kalifar alminiyon ta Golf 4, wadda ke zama a mazaunin amma sai an sauya tiyo. Dattawa suka ce a hanyoyinmu na ƙura da laka kalifar baya tana yawan maƙalewa, hambirki ya mutu, alhali gangar Golf 3 mai milimita 200 ta fi ta Golf 2 mai 180 kamu, ga sauƙin gyara a ƙauye. Rinjaye ya koma ga dattawa a kan motar haya. Motar gida kuwa an bar wa mai ita zaɓi, da sharaɗin a sauya wayar hambirki, a kuma saita bawul. Ƙafar gaba ta Golf 4 dai ba a yi gardama a kanta ba: noti biyar ce, shokazoban kuma cusa shi ake yi cikin ƙafa a matse, ba ta da wurin zama a Golf 2 sai da yanka da walda.

Bayan wannan tattaunawa, taron ya amince da cewa daga yau ɗan ƙungiya ba zai sauya kayan ƙafa ko na birki a gefe ɗaya ya bar ɗayan ba. Hagu da dama tare ake yi, da kaya iri ɗaya. An haramta cika ramin boljoyin da gwangwani ko waya, an haramta walda a kan ƙafa, tayarod ko kalifa, an haramta cire bawul ɗin baya ko ɗaure shi. Wanda ya sauya sifirin ɗin baya, nauyin sake saita bawul yana wuyansa. Man birki DOT 4 za a zuba daga sabuwar roba a rufe, a kuma faɗa wa mai mota ya sauya shi duk shekara biyu, domin yana shan danshi, idan ya sha kuma yana tafasa da wuri. Motar da aka gama ba za ta bar gareji ba sai maigida da kansa, ba yaro ba, ya gwada ta a hanya, da kaya da kuma babu kaya. Za a rubuta wa mai mota takarda mai nuna irin kayan da aka sa, don bakaniken da zai taɓa ta nan gaba a wani gari ya san fad da boris ɗin da zai nema. Wanda ya saɓa zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Masu sayar da kaya sun yi alƙawarin riƙa rubuta irin motar da aka ciro kowace ƙafa da fenti a jikinta, da kuma sayar da hagu da dama tare. Taron ya gode musu, ya kuma roƙi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an duba lafiyar motoci su riƙa leƙa ƙasan motocin haya, kada binciken ya tsaya a takardu da fitilu.

Ga 'yan'uwanmu direbobi da masu motoci: mun san halin da ake ciki, mun san kuɗin gyara daga bakin iyali ake cire shi. Idan kuɗin cikakken aiki bai samu ba, ku bar motar da kayanta na asali, a gyara su yadda suke, har Allah ya hore. Idan ɗan ƙungiyarmu ya ƙi yi muku rabin aiki, kada ku yi fushi ku kai wa wanda zai yarda. Duk wanda aka riga aka ɗora wa motarsa kayan Golf 3 kuma yana da shakka, ya kawo ta garejin kowane ɗan ƙungiya a ɗaga ta a duba masa, ba za a karɓi kuɗin dubawa ba.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya