Ba don ƙeta mota ke shan mai ba

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, arahar isansin ƴan ruwa-ruwa ta kau, sai ma'aikatan Agiye da ƴan kasuwar Gazawa da Gidan Runji suka duƙufa zagin hukuma. Kukansu na bisa hanya. Amma hukuma ce ta hana su duba iskar taya? Ita ta bar ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, buji ya tsufa? Ita ke labta wa motar iyali buhunan gero, ta bar inji na ruri a inuwa? Arahar mai ta daɗe tana rufa wa sakaci asiri. Wanda ya guje wa kuɗin bakanike, kullum yana biyan su a gidan mai.