Yadda Bairos Ke Yaudarar 'Yan Sintirin Jini

 A wannan makon za mu leƙa cikin jininmu ne, inda wata runduna ke sintiri dare da rana. Masana na kiran ta kwamfiliment. Sunadaran furotin ne sama da 30, kuma hanta ce ke haɗa mafi yawansu. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Jules Bordet, shi ya bayyana aikinta a 1895.

Ga yadda take aiki. Da baƙuwar ƙwaya ta shigo, sai wani furotin mai suna C3 ya manne mata, ya sa mata alama don sojojin jini su cinye ta. Wasu furotin kuma su taru su huda mata fata. Ƙwayoyin jikinmu suna tsira ne saboda suna ɗauke da shaidar 'yan gida, irin su CD55 da CD59, waɗanda ke dakatar da harin.

To, a nan bairos ke nuna wayonsa. HIV, idan zai fita daga ƙwayar jikin da ya mamaye, sai ya yafa guntun fatarta, har da shaidar da ke kai. 'Yan sintiri su gan shi, su ɗauka ɗan gida ne. Shi kuwa bairos ɗin agana nasa furotin yake ƙerawa, mai kama da namu, ya lalata alamar C3.

Amma duk wayon agana, ina take yau? Ku dubi damtsen kakanninmu a Karaye da Rogo, da yawansu za ku ga tabon lamba. Rigakafin agana ke nan. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da cutar daga doron ƙasa.

Sirrin shi ne, rigakafi yana nuna wa jiki kamannin ɓarawo tun bai zo ba. Jiki ya tanadi sinadaran da za su cafke shi, su kuma kira 'yan sintiri a kansa.

Ƙyanda dai tana nan tana kwantar da ƙannenmu. Allurarta kyauta ce a asibitocin gwamnati, ana yi wa yaro a wata 9, a ƙara a wata 15. Yau in mun koma gida, mu roƙi Umma ta nuna mana katin rigakafin autanmu, mu duba ko an yi duka biyun.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.