TAKARDAR SHAIDAR KWAMFUTA: KADA ƊAN'UWA YA SAYI ZARE BABU ALLURA

 

'Yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata muhawara da ta ɓarke a zaurenmu bayan karatun daren Laraba. Wani ɗan'uwa mai gyaran waya, wanda ya shafe shekara biyu yana tara 'yan kuɗaɗe a hankali, ya ce yana so ya zauna jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco. Kafin ya rufe baki an rabu gida biyu. Wasu suka ce ina dalilin ɗaukar gumin goshi a miƙa wa kamfanin Amurka? Wasu kuma suka ce ya yi maza ya biya, ai da takardar ta shigo hannu aiki ya samu. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyun ya fi cin aljihu.

Bari mu fara da sanin ko mene ne wannan abu, domin da yawa daga cikinmu sunansa kawai muke ji. Waɗannan takardu ba makaranta ce ke ba da su ba. Kamfanoni ne da ƙungiyoyin masu sana'ar suke shirya jarrabawa, duk wanda ya ci su shaide shi cewa ya san aikin. Ba su tambayarka sakamakon WAEC, ba su tambayar jihar da ka fito, balle wa ya tsaya maka. Akwai A+ ta ƙungiyar CompTIA, wadda aka fara tun 1993, ita ce ta mai gyaran kwamfuta da saka manhaja, kuma jarrabawa biyu ake ci kafin a same ta. Akwai CCNA, wadda Cisco ta fito da ita a 1998, ita kuma ta mai haɗa kwamfutoci ce su yi magana da juna, da saita na'urorin da ke raba intanet a ofis ko asibiti ko jami'a. Tun daga Fabrairun 2020 aka dunƙule ta ta zama jarrabawa guda mai lamba 200-301, ta minti 120. Sannan ga na Amazon da Microsoft, na masu kula da rumbunan ajiya na intanet.

To, ga masu cewa kuɗin zai tafi Amurka, gaskiya suka faɗa, kuma abin yana da ciwo. Amma ina tambaya: yau idan na'urar makarantarmu ta Islamiyya ta tsaya, wa muke kira? Idan muna son a watsa wa'azin Malam kai tsaye, wa ke saita mana? Ko asibitin da 'yan'uwa suka gina da taro da sisi, wa ke riƙe da bayanan marasa lafiyarsa? Muna ɗaukar kuɗi mu ba wani, wanda shi ya je ya koyo abin da muka ƙi koya, kuma mu buɗe masa sirrinmu gaba ɗaya. Malamai sun karantar da mu cewa duk sana'ar da al'umma ba ta iya rayuwa sai da ita, koyonta farali ne na kifaya. Idan aka rasa mai yi, laifin ya hau kan kowa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da Cisco ba, ai ba ita kaɗai ba ce ƙofa. Kamfanin Huawei na ƙasar Sin yana da tasa takardar mai suna HCIA. Akwai kuma LPIC ta masu manhajar Linux, wadda wata ƙungiya da ke ƙasar Kanada take bayarwa, ita manhajar ma kyauta ce, babu wanda ya mallake ta shi kaɗai. Ilimin haɗa kwamfutoci ɗaya ne, tushen bai canzawa don sunan da ke jikin akwati ya canza.

Amma inda na fi son in tsaya shi ne wajen masu cewa a yi maza a biya. Ya kai ɗan'uwa, ka zauna ka yi lissafi. Kuɗin zama CCNA dala 300 ne. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Da aka saki naira a watan Yunin wannan shekarar, kafin a je ko'ina cikin 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi, zama ɗaya ya tashi naira 450,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin wata shida bai biya ba. Kuma idan ka faɗi, babu mai mayar maka da ko kwabo. Sai ka sake biya daga farko. Idan ma ka ci, takardar shekara uku take yi ta mutu, sai an sabunta. Haka ta CompTIA, haka ta Amazon. Wani lokaci ma kamfanin ne da kansa yake kashe ta: a ƙarshen Janairun 2021 Microsoft ta rufe jarrabawoyin MCSA da MCSE, waɗanda yayyenmu suka riƙa tinƙaho da su shekara da shekaru.

Saboda haka wanda bai taɓa matse kan waya ya haɗa kwamfuta biyu ba, bai san yadda ake lissafin raba adireshi ba, ya kwashi wannan kuɗi ya kai, to ya sayi zare ne babu allura. Ni kaina an taɓa yi mini. Bayan na gama sakandare na biya wata cibiya kuɗin kwas na wata uku, mu talatin a kan kwamfuta huɗu, rabin lokacin babu wuta. Ranar gamawa aka ba mu takarda mai zanen zinare da hatimi. Da na kai ta wurin neman aiki, mutumin bai ko karanta ta ba. Ya nuna mini wata na'ura a kan tebur ya ce in saita ta. Na tsaya ina zufa. Sai daga baya na gane cewa takardar "ya halarci kwas" daban, takardar "ya ci jarrabawa" daban. Ta gaskiyar ana zaunawa ne a ƙarƙashin kamfanin Pearson VUE, da mai sa ido, da katin shaida mai sunanka daidai da yadda ka yi rajista, kuma tana da lambar da duk mai son ɗaukarka aiki zai iya bincikawa.

Abin da ya kamata shi ne hannu ya riga takarda. Kuma alhamdu lillahi koyon ba ya cin kuɗi kamar jarrabawar. Cisco tana da makarantarta ta intanet tun 1997, kuma duk wanda ya yi rajista ana ba shi manhajar Packet Tracer kyauta, inda zai zana ofis guda a kan allon kwamfuta, ya jera na'urori, ya saita su, ya ɓata, ya gyara, har sai abin ya zauna masa. Gwamnatin Tarayya ma a ƙarshen 2023 ta buɗe shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku. Ba na cewa a dogara da alƙawarin gwamnati, mun san halin kayanmu, amma abin da aka ce na talaka ne, haƙƙinka ne ka nema. Tsohuwar kwamfuta ɗaya, ko ta haɗin gwiwa ce tsakanin mutum uku, ta isa a fara. Wanda ke Kano ya samu maigida a Farm Centre ko titin Beirut ya riƙa zama da shi, ko da ba za a ba shi komai ba sai kuɗin mota. Turanci kuma dole ne, don da shi ake tambayoyin, kuma masu tsawo ne. Mu da muka haddace Ahalari da Ishmawi a kan tabarma, bai kamata ƙamus ya ba mu tsoro ba.

Akwai wata fitina da ba zan tsallake ba. Za ka haɗu da masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato, su ce ka haddace amsa kawai ka shiga. Wasu ma har cewa suke za su zauna maka. Wannan algus ne, babu wani suna da za a canza masa, kuma mun san matsayin mai algus a addini. Kamfanonin suna soke takardar wanda suka kama, su hana shi sake zama. Ko ba a kama ka ba, wace riba ka ci? Ranar da aka ba ka amanar na'urorin asibiti suka tsaya da tsakar dare, amsar da ka haddace ba za ta tashe su ba, kuma albashin da kake karɓa a kan shaidar zur, me za ka ce game da shi? Wannan sana'a gaba ɗayanta amana ce. Mai gyaran waya yana ganin hotunan iyalin mutane. Mai kula da kwamfutocin ofis yana iya karanta wasiƙun kowa. Abin da ya raba shi da ɗan damfarar intanet tsoron Allah ne, domin kayan aikinsu iri ɗaya ne. A nan ne nake ganin ɗan'uwa mai tarbiyya yana da abin da kasuwa ke nema ido rufe, in har ya haɗa da iya aiki.

Kuma kada a yaudare mu cewa takarda tana kawo aiki da ƙafarta. Aikin farko galibi ƙarami ne: jan waya a rufin ofis, saka manhaja, amsa kiran wanda na'urar buga takardarsa ta ƙi aiki. Daga nan ake hawa. Wanda yake jin ya fi ƙarfin hawa tsani da waya a kafaɗa, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Shawarata ga 'yan'uwa masu kula da harkar matasa a kowace unguwa ita ce a buɗe asusu na musamman. Muna iya tara kuɗin walima da na mota idan tafiya ta taso, to wannan ma ba zai gagare mu ba. A sayi tsofaffin na'urori biyu ko uku a ajiye a makaranta, a samu ɗan'uwa da ya riga ya ci ya riƙa koyarwa ran Asabar da Lahadi. Kada a biya wa kowa kuɗin jarrabawa sai an gwada shi a gaban jama'a ya saita abu ya yi aiki. Wanda aka biya wa kuma, da sharaɗin in ya samu aiki zai mayar, bashi ne mai kyau babu ruwa, sannan ya koyar da mutum biyu. A kuma kai shi cibiyar jarrabawa ya zauna a can. An yarda a yi ta daga gida da kyamara, amma da irin wutarmu da intanet ɗinmu, in layi ya yanke a tsakiya ana iya asarar zaman gaba ɗaya.

Shi ɗan'uwan namu mai gyaran waya, mun zauna da shi bayan sallar Asuba. Ya yarda ya bar kuɗin inda suke, ya ɗauki wata shida yana aiki da Packet Tracer kullum bayan Isha'i. Na ba shi aron kwamfutata. Idan watan ya cika za mu gwada shi a zaure, in ya tsallake, mu raka shi ya biya.