Darasin Kulle Ga Iyaye Maza

A watan Maris 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona, a watan Afril kuma aka hana fita a Kano. Malamai da akawuna waɗanda suka saba fita tun da safe, sai ga su wuni a gida da ɗan shekara biyu, yana rigima, yana ɓarna, ba halin kai shi gidan kaka. Waɗansu da suka ƙosa sai suka miƙa masa wayar hannu don ya yi shiru. A ganinmu wannan kuskure ne babba.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da ɗan shekara ɗaya gaban waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu kuwa kada ya wuce sa'a ɗaya a yini, ya kuma sami sa'a uku yana motsa jiki. Bakin yaro da hira ya ke buɗewa: a amsa masa tambaya, a yi masa tatsuniya, a ƙidaya tsakuwa tare da shi a tsakar gida.

Kulle ya wuce, amma uban da ya gane cewa reno ba na uwa kaɗai ba ne, kada ya yi sake ya manta. Malamin aji ɗaya ba ya kasa bambanta yaron da aka yi hira da shi da wanda aka bari da waya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.