A buɗe wa masu waya ƙofa a gasar hotunan maikuroskop

Tun 1975 kamfanin Nikon ke shirya gasar Small World, ta hotunan abubuwan da ido ba ya gani sai da maikuroskop. Ni dai ina ganin ya kamata masana kimiyyar lissafi da Fiziks na Jami'ar Bayero su shirya tamu, amma kada kyawun hoto kaɗai ya zama ma'auni.

Ga dalilina. A gonakinmu na Ɗambatta da Makoɗa, wuta-wuta na kassara gero da dawa duk damina. Irinta kamar ƙura yake, bai kai rabin milimita ba, tushe ɗaya kuma na zubar da dubbai, su kwanta a ƙasa shekaru suna jiran shuka. Babana ya tsufa yana faɗa da ita, bai taɓa kallon ƙwayar irin da kyau ba, sai ranar da na manna Foldscope, maikuroskop ɗin takarda da aka ƙirƙira a Stanford, a kyamarar wayata.

Hoton dishi-dishi ne, alƙalan Nikon ko kallonsa ba za su yi ba. Amma bana tun kafin ta yi fure Baba ya tasa mu gaba muka tuge ta.

A ware rukuni na 'yan sakandare da masu waya, a karɓi hotuna ta WhatsApp.