Tsohon Hasumiya da Kacici-kacicin Kaka

Wanda ya tashi a gidan da ake kama tashoshin Faransa zai tuna Fort Boyard, shirin da aka fara a 1990 cikin wani tsohon sansanin soja da ke tsakiyar teku. Mu yara damisoshi muke jira, da ɗakin dukiya, da gudun neman mabuɗai kafin agogon ruwa ya tsiyaye. Amma wanda ya fi zama a raina shi ne Père Fouras, dattijon hasumiya mai farin gemu, da ba ya sakin mabuɗi sai an warware masa kacici-kacici. In aka kasa, ya wurga shi teku.

A ganina, a nan shirin ya cuce mu ba da niyya ba. Mun ga ƙato yana gumi a gaban kalma ɗaya ta Faransanci, muka ce hikima ke nan; wanda kaka ke yi mana da dare kuwa muka mayar wasan yara, alhali sana'ar ɗaya ce, ɓoye abu cikin siffarsa. Da na zauna rubuta na kaka saboda wannan darasi, huɗu kacal na tuno. Ita kuma, Allah Ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa.