Sharhi: "Lafiya lau" ɗin da ake amsawa bayan an koma gida a Jazira

A ranar 11 ga Janairu 2025 sojojin Sudan suka ƙwace Wad Madani daga hannun dakarun RSF, waɗanda suka riƙe garin tun Disamba 2023. Kafin nan an ƙwato Sinja a Nuwamba 2024. Tun daga lokacin jama'a ke komawa gida, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa na ƙauyukan Jazira da na yankin Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Na jihar Blue Nile kuwa, tun kafin wannan yaƙi sun sha wuya a rikicin Yuli da Oktoba 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi.

Ana ƙidaya gidajen da aka wawashe da gonakin da suka bushe. Ba a ƙidaya mutumin da ya dawo da ƙafafunsa amma barci ya ƙaurace masa. Ka gaishe shi a ƙofar masallaci, zai ce maka lafiya lau, alhamdulillahi. Godiyar gaskiya ce. Sai dai sau da yawa bayanta akwai abin da kunya ta hana faɗa, domin mun taso ana nuna mana namiji ba ya kuka, mai kokawa kuma imaninsa ne ya raunana.

Wannan fahimta ba daga addini ta fito ba. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, bai fita daga sahun masu haƙuri ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne fushi da ƙaddara, ba a hana mutum ya ce zuciyarsa na ciwo ba.

Wanda ke ɓoye ciwonsa, sauƙin ma idan ya zo ba ya gane shi. Sauƙin irin wannan rauni a hankali yake shigowa. Dattijon da kan zabura idan ya ji ƙarar babur, yau babur ya wuce yana zaune. Uwar da ta daina girki ta hura wuta ta yi kisra. Yaro ya koma makarantar allo ba tare da an ja shi ba. Wani ma kukan da ya kasa yi shekara guda, shi ne alamar farko. Kuma idan firgici ya dawo wata rana, musamman da zagayowar ranar da abin ya faru, ba a koma farko ba ne.

Sudan na da tarihi a nan. Dakta Tijjani al-Mahi, uban likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina malaman da jama'a ke kai wa marasa lafiya ba. Aiki ya yi tare da su. Yau likitocin sun yi ƙaranci, da yawa yaƙi ya tarwatsa su, don haka liman ne ke fara jin kuka. Ya yi addu'a, ya kuma tambaya: kana barci? Kana cin abinci? Wanda ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a kai shi ga likita a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.